Ja Ko Kore: Yadda Mai Babur Zai Gane Man Da Injinsa Yake Buƙata A Saudiyya

Duk wanda ya taɓa tsayawa da babur a gidan mai a Jidda ko Makka ya san tambayar da mai zuba mai yake tarbarsa da ita: "Ahmar ko akhdar?", wato ja ko kore. Koren shi ne fetur mai lamba 91, jan kuma mai lamba 95. A cikin 'yan'uwanmu masu kai saƙo da abinci a kan dabbab, kamar yadda mutanen ƙasar nan suke kiran babur, akwai waɗanda suka yi imani cewa jan mai ya fi ƙarfi, don haka ko babur ɗan 125 ne ba su sha masa sai ja. Akwai kuma waɗanda suka sayi babban babur na hannu, suna zuba masa kore saboda sauƙin kuɗi, suna jin wata ƙara a cikin injin idan rana ta take amma ba su kula ba. Na farko yana zubar da kuɗinsa a hankali, na biyu kuwa injinsa yake kashewa, kuma kuskurensu guda ne: sun ɗauki lambar da ke jikin famfo a matsayin ma'aunin ƙarfin mai.

Lambar nan, wadda ake kira oktan, haƙurin mai take aunawa, wato iya matsi da zafin da zai jure kafin ya kama wuta da kansa. Ƙarfin da ke cikin litar 91 da na litar 95 kusan ɗaya ne. Wanda ya fahimci wannan ya riga ya yi rabin aikin, amma don a ga dalilin da ya sa haƙurin mai yake da muhimmanci, sai an leƙa cikin silinda.

Fistan yana sauka ya zuƙo iska da fetur a gauraye, sannan ya hau ya matse su a wani ɗan ƙaramin ɗaki da ke ƙarƙashin kan silinda. Idan aka ce matsin inji 9 ne bisa 1, ana nufin an cusa abin da ya cika wuri tara a cikin wuri ɗaya. A injin 125 mai irin wannan matsi, ɗakin da ake ƙona man bai wuce cikin babban cokali guda ba, sisi (cc, ma'aunin girman cikin inji) 15 da 'yan kai. Dab da fistan ya kai ƙololuwa sai fulogi ya ba da tartsatsi, wuta ta tashi daga bakinsa ta bazu zuwa gefe-gefe kamar yadda wutar daji take cin ciyawa daga ɓangare guda, ta tura fistan ƙasa da ƙarfi mai tsari. Matsalar tana ga gaurayen da ke can kusurwa, wanda wutar ba ta riga ta iso gare shi ba. Yana nan yana shan matsi da zafi daga wutar da ke tunkaro shi, kuma idan man ba mai haƙuri ba ne, sai ya fashe da kansa gaba ɗaya kafin lokacinsa ya yi. Wannan fashewar tana dukan kan fistan da bangon silinda kamar guduma, kuma ita ce take ba da ƙarar nan siririya mai kama da an zuba tsakuwa a gwangwani ana kaɗawa.

A nan ya kamata a bambance abu biyu, domin a bakin makanikanmu idan aka ce inji ya buga, ana nufin ya riga ya lalace, sai an sauke shi. Ƙarar da nake magana a kanta ƙwanƙwasa ce, gargaɗi ne da yake zuwa tun kafin bugawar. Idan aka bar ta tana maimaituwa, tana cinye gefen fistan inda ringi yake zama, tana fasa farin bakin fulogi, tana ƙona gaskit, a ƙarshe ma tana iya huda kan fistan.

Ma'aunin kansa ya samo asali ne a Amurka a shekarun 1920, lokacin da wani masanin sinadarai mai suna Graham Edgar ya ɗauki sinadarai biyu ya mai da su sikeli. Ɗaya, iso-oktan, mai tsananin juriya ne, aka ba shi maki 100. Ɗayan, heptan, da an matse shi yake fashewa, aka ba shi sifili. Idan aka ce fetur 91 ne, ana nufin a cikin injin gwaji na musamman yana jure matsi daidai da gaurayen kashi 91 na iso-oktan da kashi 9 na heptan. A da, da sinadarin dalma ake ɗaga wannan lamba, wanda Thomas Midgley ya gano amfaninsa a kamfanin General Motors a 1921, kafin duniya ta tabbatar da cewa guba ce mai lahani ga ƙwaƙwalwa, musamman ta yara. Saudiyya ta koma fetur marar dalma a 2001, Aljeriya kuma ita ce ƙasa ta ƙarshe da ta daina sayar da mai dalma, a 2021. Kafin 2007 fetur iri ɗaya ake sayarwa a gidajen man ƙasar nan, 95, sai kamfanin Aramco ya shigo da 91 a farkon wannan shekara, ganin cewa yawancin motocin da ke kan titi ba su buƙatar fiye da haka. Ina kyautata zaton daga nan ne tunanin cewa kore mai ne na biyu a daraja ya samo tushe, alhali matata ɗaya suke fitowa.

Fara da abin da kamfanin ya rubuta

Mataki na farko shi ne ka nemi littafin da ya zo da babur ɗin, ko ka duba takardar da ake mannawa a kan tanki ko ƙarƙashin sirdi. Idan littafin ya ɓata, kamar yadda ya saba faruwa da babur na hannu, rubuta sunan babur ɗin da shekararsa a intanet, kusan duk manyan kamfanoni suna ajiye littattafansu a can. Abin da kake nema shi ne mafi ƙarancin oktan da aka yarda a zuba.

Sai dai a kula da wani tarko. Lambar da ke jikin famfunan Saudiyya ta ma'aunin oktan da ake kira RON ce, irin wadda ake amfani da ita a Turai da yawancin ƙasashen duniya. Amurka da Kanada kuwa wani lissafi suke bi, suna haɗa sakamakon gwaji iri biyu su raba biyu, don haka lambarsu tana ƙasa da tamu da maki huɗu zuwa biyar a kan mai iri ɗaya. Abin da suke kira 87 shi ne kusan 91 ɗinmu, abin da suke kira 91 kuma shi ne 95 ɗinmu. Wannan ya shafi duk wanda ya sayi babur da aka shigo da shi daga Amurka. Mai Harley-Davidson da ya ga 91 a littafinsa ya tafi ya sha kore ya yi kuskure, domin jan mai ake nufi. Wanda kuma ya ga 86 ko 87 a littafin Honda na Amurka, kore ya ishe shi.

Idan babu littafi sam, matsin injin zai ba ka haske. Ƙananan baburan aiki masu silinda ɗaya, daga 100 zuwa 150, irin Honda CG125 da Bajaj Boxer da takwarorinsu na Sin, matsinsu yana tsakanin 9 da 10, kuma an ƙera su ne don ƙasashen da man su bai kai namu kyau ba. Koren mai ya wadace su. Baburan tsere kuwa, kamar Yamaha R6 da BMW S1000RR, matsinsu yana wajen 13, ba a yi musu wasa da kore. Tsakanin waɗannan biyun akwai babura masu yawa da matsi kaɗai ba zai yanke hukunci a kansu ba, domin siffar ɗakin ƙonawa, da faɗin silinda, da yadda ake sanyaya injin duk suna da tasiri. Akwai injin da ruwa yake sanyayawa mai matsi 11 da yake tafiya lafiya da 91, akwai kuma babban inji mai sanyaya da iska wanda matsinsa bai kai haka ba amma sai 95. Shi ya sa maganar kamfani take gaba da hasashe.

Ka saurari injinka a lokacin zafi

Littafi an rubuta shi ne don sabon inji a yanayi matsakaici, mu kuwa muna tuƙi a ƙasar da zafi ya taɓa kai digiri 52 a Jidda a watan Yunin 2010, ya kuma kusa haka a Makka lokacin aikin Hajjin 2024. Iska mai zafi da inji mai zafi suna rage haƙurin kowane mai. Babur da iska ce kaɗai take sanyaya shi, idan ya tsaya a danja minti biyu da azahar cikin watan Agusta, sannan aka ɗora masa kaya aka fizge shi, ya shiga yanayin da ya fi kowane kusa da ƙwanƙwasa. Saboda haka gwajin kunne yana da amfani ko da ka bi abin da littafi ya ce.

Ga yadda ake yinsa. Ka yi tafiyar aƙalla minti goma sha biyar har injin ya ɗauki zafinsa sosai. Ka nemi hanya mai ɗan hawa wadda ba cunkoso, kamar hawan gada, ka sa babbar giya alhali gudun bai kai nata ba, sannan ka murɗa totur da ɗan ƙarfi na daƙiƙa biyu ko uku kawai. Idan akwai ƙwanƙwasa, a nan za ta fito: ƙara siririya, ƙyal-ƙyal-ƙyal, daga saman injin, wadda take ɓacewa nan take da ka sassauta totur ko ka sauko da giya. Wannan ɓacewar ita ce shaidarta. Ƙarar bawul da ya saki tana nan ko babur yana silo, ƙarar cen ɗin taimin ma haka, tana bin juyin inji ko da kaya ko babu. Ƙwanƙwasa kuwa sai injin yana ja da wahala take bayyana. Kada ka daɗe kana maimaita gwajin don ka ƙara tabbatarwa, sau biyu ya isa, domin kowace ƙara da ka ji duka ce a kan fistan.

Idan ka ji ta, abin yi na take shi ne ka daina jan babur da babbar giya a ƙaramin gudu, ɗabi'ar da yawancinmu muka ɗauka da sunan tattalin mai. Sannan a shan mai na gaba ka zuba ja, ka sake gwajin a wuri ɗaya da lokaci ɗaya. In ƙarar ta tafi, ka samu sauƙi na wucin gadi, amma tambaya ta rage: me ya sa injin da aka ƙera don kore ya fara neman ja?

Na ga amsar wannan tambaya da idona a wata warsha, wato garejin gyara, da ke sana'iyya, unguwar masu gyare-gyare, a kudancin Jidda, wurin wani dattijo Bakano da ya shekara fiye da talatin yana gyaran babur. Wani matashi mai kai abinci ya kawo ɗan 150 ɗinsa, ya ce: "Baba, wata biyu ke nan ja nake sha masa, amma da rana ta yi sai ya riƙa ƙara yana kasala." Dattijon bai ce komai ba, ya kwance fulogi ya ɗaga shi a hasken ƙofa. Bakin fulogin ya yi fari fat kamar alli, da 'yan ɗige-ɗige baƙaƙe a jikinsa kamar an barbaɗa masoro. Sai ya sa babban yatsa ya lanƙwasa robar da ta haɗa kafireta da inji, nan take wata tsaga ta buɗe baki a ƙasanta. Ya ce: "Yarona, ba mai ne ciwonsa ba, iska yake sha ta ɓarauniyar hanya." Robar da aka canza ba ta kai kuɗin cika tanki biyu ba, kuma yaron ya koma shan kore.

Abin da ya faru shi ne iska ta yi wa mai yawa. Inji yana son kusan kashi 14.7 na iska bisa kashi ɗaya na fetur a nauyi, kuma idan ana jan kaya yana son man ya ɗan fi haka. Idan man ya yi kaɗan, ƙonawar tana ƙara zafi, zafin kuma ya jawo ƙwanƙwasa. Tsagaggiyar roba tana haddasa haka, jet ɗin kafireta da datti ya toshe ma haka, haka nan cire matacin iska ko sa salansa mai ƙara ba tare da an sake saita mai ba, wanda samari suke yawan yi. Fulogi mai lafiya launin shayi da madara yake yi, duk wanda ya ga nasa ya yi fari ya san akwai magana.

Dalili na biyu da na fi gani shi ne gawayin da yake taruwa a kan fistan da cikin ɗakin ƙonawa, musamman a babur da ya fara shan baƙin mai ko wanda yake yini a gajerun tafiye-tafiye. Ka tuna cewa ɗakin cikin cokali guda ne. Idan gawayi ya cinye sisi ɗaya kacal, matsin injin 125 ya tashi daga 9 zuwa sama da 9.5, ga shi kuma gawayin yana riƙe zafi kamar garwashi. Irin wannan garwashi yana iya kunna man tun kafin fulogi ya ba da wuta, wanda ya fi ƙwanƙwasa haɗari, domin fistan yana hawa wuta tana danne shi. Maganinsa a buɗe kan silinda a kankare. Haka kuma duk wanda aka taɓa goge masa kan silinda a injin ƙira bayan gaskit ya ƙone, ko aka sa masa fistan mafi girma, ya sani matsin injinsa ba shi ne na littafi ba kuma, wataƙila ja ya zama dole a gare shi.

Sai fulogi da ba nasa ba. A fulogin NGK, lambar da ke tsakiyar sunan tana nuna yadda yake fitar da zafi, kuma babbar lamba ita ce mai sanyi: 8 ya fi 7 sanyi. A wasu kamfanonin lissafin a juye yake. Idan aka sa wa injin da yake son 8 fulogi mai 6 don kawai zaren ya shiga, bakinsa zai riƙa yin ja saboda zafi. A ƙarshe a duba sanyaya: laka da ƙura da suka cike tsakanin haƙarƙarin silinda, baƙin mai da ya ragu ko ya tsufa, da fankar lagireto ga mai ruwa.

Ko ja yana ƙara gudu?

Ga ƙaramin babur mai kafireta, amsar ita ce a'a. Lokacin da fulogi yake ba da wuta a saite yake, injin ba shi da hanyar sanin irin man da aka zuba masa, don haka haƙurin da ya wuce buƙata ba ya zama ƙarfi. Inda ake ganin bambanci na gaskiya shi ne a manyan babura masu kwamfuta da na'urar jin ƙwanƙwasa, kamar wasu na BMW. Idan aka zuba musu mai ƙasa da wanda suke so, na'urar tana jin ƙarar tun kafin kunnen mutum ya ji, kwamfutar ta jinkirta tartsatsin fulogi don ta kare injin, sai ƙarfi ya ragu, shan mai ya ƙaru, salansa ta ƙara zafi. Mai irin wannan babur idan ya koma ja ya ji ya ƙara kuzari, ƙarfinsa na asali ne ya dawo.

Wanda bai gamsu ba yana iya aunawa da kansa. Ka cika tanki har wuya, ka rubuta lambar kilomita, ka yi aikinka yadda ka saba, ka sake cikawa har wuri ɗaya, ka raba kilomitar da ka yi da litar da ta shiga. Ka yi haka sau uku da kore, sau uku da ja, a mako masu kama da juna. Tanki ɗaya ba ya isa hujja, domin iska da cunkoso da nauyin hannunka a kan totur sun fi bambancin man tasiri. Tun watan Yulin 2021 da gwamnati ta ɗora wa farashi iyaka, litar 91 ta tsaya a riyal 2.18, ta 95 kuma riyal 2.33. Bambancin halala 15 a lita (halala ɗari ce riyal ɗaya) ba shi da yawa a ido, amma mai shan lita biyar kullum yana biyan ƙarin riyal 22 da rabi a wata, kusan 270 a shekara, kuɗin da zai canza baƙin mai sau da dama, wanda shi ne abin da injin yake matuƙar buƙata a wannan zafi. Ga mai babban babur kuwa lissafin a juye yake, domin riyal biyu ko uku da zai rage a tanki ba su kai komai ba idan aka kwatanta da kuɗin fistan da sauke inji.

Haɗa kore da ja a tanki ɗaya ba ya cutar da komai, rabi da rabi yana ba da kusan 93. Idan tafiya ta kama ka a hanya mai nisa, babur ɗinka na 95 ne kuma ba ka samu sai kore ba, ka zuba iya wanda zai kai ka gidan mai na gaba, ka tafi a hankali da ƙaramar giya ba tare da murɗe totur ba, ka cika da ja da zarar ka samu. Kwalaben ƙarin oktan da ake sayarwa a shagunan kayan mota ban cika ba da shawararsu ba. Da yawa idan sun ce suna ƙara maki kaza, kowane maki kashi ɗaya ne cikin goma na lamba guda, waɗanda suke ɗauke da sinadarin manganis kuma suna barin jan datti a bakin fulogi.

Tsayin wuri sama da teku ma yana canza buƙatar inji. Wanda ya tashi daga Makka ya hau hanyar Hada zuwa Ɗa'if, wadda take kusan mita 1,900 sama da teku, ko ya je Abha da ta haura mita 2,200, zai ji babur ɗinsa ya yi nauyi. Iskar can ba ta da kauri, abin da yake shiga silinda ya ragu, matsi ya ragu, don haka ƙarfi yana sauka kuma buƙatar oktan ma tana sauka. Zuba ja ba zai dawo da wannan ƙarfi ba. Inda ya kamata a yi hattara shi ne gindin dutsen, inda zafi yake da yawa, iska take da kauri, hawa kuma ya fara: a nan a riƙe ƙaramar giya a bar injin ya juya da sauƙi.

Saura batun mai marar kyau. Fetur da ya daɗe a tanki ko a jarka cikin zafi yana rasa sassansa masu saurin tashi, don haka babur da ya yi wata uku a ajiye, kamar na wanda ya je gida hutu, gara a zubar da tsohon man a wanke kafireta kafin a koma aiki. Dizal ko kananzir kaɗan idan ya shiga fetur yana karya oktan ƙwarai. Idan babur yana lafiya, ka sha mai, nan da nan ya fara ƙwanƙwasa da hayaƙi da wahalar tashi, ka tsaya, kada ka ci gaba da tuƙi. Ka zuƙe man ka ajiye kaɗan a kwalba mai tsabta, ka riƙe rasidin gidan man da sunan unguwar da lokacin da ka sha, sannan ka kai ƙara Ma'aikatar Kasuwanci ta lambarta 1900 ko ta manhajarta ta karɓar ƙorafi.